Alli a Jikin Bango

Ranar kasuwar Pus, saura wata guda ruwa ya sauka,
wani yaro ya jingine keke a gindin darbejiya.
Njidda sunansa, ɗan Yagwa, littafi a hammata.
Na shimfiɗa masa tabarma, Tasalla ta kawo ruwan randa.
Ya ce, Baba, mutum nawa ke kwana a gidan nan?

Na ce, wane dare kake tambaya?

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.
Da rani, in an tafi cin rani, ƙafa tana samun wurin miƙewa.
Da damina kowa ya dawo gona,
sai a jera yara kamar kifin banda,
kan wannan a ƙafar wancan,
in ɗaya zai juya sai ya tashi ɗan'uwansa.

Ya ce, to mu ƙirga.
Ni da Tasalla.
Barmani, matar Cindo, da 'ya'yanta uku.
Cindon fa? Yana Duwala yana haya da babur.
Ya ce wannan can za a rubuta shi.
Na ce amma wandonsa na nan rataye a ƙusa,
kwanon da ke kanmu ma guminsa ne.
Ya ce takarda ba ta ƙirga wando.

Sai ƙanwata Delu, ita da mutum biyar,
da suka haye Logon daga Cadi a kwalekwale
shekarar da ruwa ya cinye musu gari.
Mako ɗaya suka zo yi.
Akuyar da suka zo da ita ta yi jika.

Sai tsohon Musgu, abokin suna tun muna samari,
wanda ke kwana a zaure da komarsa.
Ya ce, ɗan'uwanka ne?
Na ce, rubuta abin da ka ga ya dace,
ni dai shi zai yi mini wanka in na riga shi.

Barmani ta wuce da tulu, cikinta ya riga ta fita ƙofa.
Na nuna da haɓa. Ya ce, sai ya iso.
Biyun da zazzaɓi ya ɗauke bara ban ambata ba,
shi ma bai tambaya ba.

Ɗaki nawa? Uku da rabi.
Rabin gara ta ci azararsa, muna ajiye shinkafa a inuwar da ta rage.
Rufi, kwano ko jinka?
Gurbi biyu ne kawai a takardarsa.
Na ce ɗaga kai:
kwano falle biyar, jinka, buhun taki,
da tayar mota da ke danne su kada iska ta yi gaba da su.
Ya daɗe yana tauna bakin biro.

Da zai tafi ya ɗauko alli,
ya rubuta lamba a bangon zaure:
ɗari biyu da goma sha bakwai.
Yara suka hana kowa jingina a wurin.

A watan takwas Logon ya shigo da dare, bai yi sallama ba.
Bangon ya durƙusa a hankali kamar raƙumi,
ya tafi da lambarmu.
Kwana arba'in muka yi kan datsi, ƙarƙashin leda,
mu da sauro da awakin unguwa.
A nan Barmani ta sauka. Mace.
Ba ta cikin littafin kowa.

Yau ga ni ina cuɗa ƙasa da ƙafa,
Delu na miƙo tubali, tsohon Musgu na gyara mini layi
ko da yake idonsa ɗaya ne ke gani.
In bangon ya bushe zan ɗauki gawayi
in mayar da lambar inda take,
don in sun zo nemanmu daga Yawunde
kada su ce babu kowa.
A ƙasanta kuma zan ja ɗan ƙaramin layi ɗaya.
Njidda zai gane.